Sawu a Kan Fiyano

Ranar Juma'a aka shiga ɗakin Barau, ana tsakiyar huɗuba, lokacin da unguwar ba kowa a waje sai awaki. Da ya dawo daga masallaci ya tarar an ɓalle kwaɗo, ƙofa a wangale. Rediyonsa yana nan, buhun geron da ke bayan ƙofa yana nan, babbar rigarsa ta Sallah ma tana rataye inda ya bar ta. Kaset ɗaya aka ɗauka, cikin arba'in da ke jere a tsohon kwalin madara. Barau, dattijo mai shekara saba'in ba biyu, ya zauna a dokin ƙofa ya ɗora hannu a ka, ya fashe da kuka kamar an yi masa rasuwa.

Wanda ba ɗan Jega ba zai ce, don kaset ake wannan kuka? To ga yadda abin yake. Shekara arba'in da suka wuce akwai wani kulob a bayan tasha, ana ce masa Hasken Gulbi, matattarar direbobin manyan motoci da ma'aikatan hanya da samarin gari masu ƙaton ƙafar wando. Ba kalangu a wurin, ba goge. Fiyano ne mai batir, da gangar inji a cikinsa, Barau yana waƙa a kai. Daga baya aka rufe kulob ɗin, aka rushe, yanzu shagunan taki ne a wurin. Mutane suka manta, ko kuma suka yi kamar sun manta, wanda a garinmu duk ɗaya ne.

Sai bana wata malamar jami'a da ke zaune a Aliero, Iklima, mai bin diddigin tsofaffin kiɗe-kiɗe, ta nemo Barau. Ya kunna mata farkon kaset ɗin a rakodarsa, ta naɗi daƙiƙa arba'in a waya, ya kashe ya ce sauran sai ta zo da shiri. Wani gidan rediyo ya saka ɗan guntun, aka ce kiɗa da waƙar Barau na Jega ne, mutumin da ya riga kowa kiɗan inji a wannan yanki. Ranar Talata za ta zo da na'urar da za ta kwafe shi duka. Wani kwafi kuwa babu shi a duniya. In kaset ɗin nan ya tafi, kiɗan ya tafi ke nan.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Matsalar ita ce, a kulob Barau yana ambaton sunan duk wanda ya yi masa liƙi, kuma da yawa daga cikin masu sunayen yanzu su ne sahun gaba a masallaci. Kowa yana kallon kowa ta gefen ido. Wanda ya fi kowa cewa Allah wadai da ɓarawo, shi aka fi zargi.

Mai unguwa ya aika a kira Audu.

Audu mai bin sawu ne, aikinsa shanu da awakin da aka kora. Siririn mutum, ba ya zama sai a bakin kujera, ba ya gama shayi, kuma ba a taɓa ganin ya yi sallama da mutum ba tare da ƙafarsa ɗaya ta riga ta kama hanya ba. Ya jingine tsohon babur ɗinsa, ya dubi tsakar gidan da 'yan jaje suka tattake, ya yi tsaki.

"Kun yi mani shara da ƙahwahu," in ji shi. "Kowa shi hita."

A cikin ɗakin, bayan ƙyaure, ya sami sawu ɗaya da ya tsira. Takalmin roba ne irin na masu shiga fadama, da ɓarɓashin baƙin laka da ya bushe. Ya kifa masa kwano, yadda yake yi wa sawun bijimi a daji. Yana miƙewa sai idonsa ya faɗa kan tsohon fiyanon nan na kulob. Yana bisa wani benci a kusurwa, an yaye tsumman da aka rufe shi da shi, ƙurar shekaru ta kwanta a kan maɓallansa. A cikin ƙurar akwai tabon yatsu. Audu ya durƙusa, ya karkata kai don haske ya bugi wurin. A dama tabo sun yi yawa, sun hau juna. A hagu kuwa wuri uku ne kawai, an danna an sake dannawa har farin ya fito.

"Malam Barau, yaushe rabonka da taɓa wanga abu?"

"Na manta. Ya mutu tuni, ko an sa batir ba ya magana."

"Bayan kai wa ka iya kaɗa shi garin ga?"

Barau ya share ido da hannun riga, ya kalli bango. "Babu."

Delu, matar Barau, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce ita tana madafa lokacin, ba ta ga kowa ba, amma ta ji ƙwas-ƙwas daga ɗakin, an daɗe ana yi, ta ɗauka kaza ce ta sami faifan hatsi.

Audu ya nemi babban faranti ya kifa a kan maɓallan, ya ce duk wanda ya ɗaga shi su haɗu. Wane irin ɓarawo ne zai ɓalle kwaɗo da rana tsaka, ya sami abin da ya zo nema, sannan ya zauna yana wasa da mataccen fiyano? Tambayar ta bi shi har bakin babur.

Ya fara da Alhaji Waliyyu, dillalin hatsi, domin kowa ya san ranar Laraba ya je gidan Barau ya yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya same shi a rumfarsa cikin kasuwa, a kishingiɗe tsakanin buhunan dawa.

"Audu, in sa anka sace maka ka zo daidai in taya ka jaje. In kau maganar kaset ta, ka ɓata hanya."

"An ce ka tai gidanai kana hwaɗa."

"Na tai! In ba ni zuwa wa ka zuwa? Daƙiƙa arba'in sunka saka a rediyo, cikin arba'in ɗin ga sai da sunana ya hito. Wali mai juyi, ƙugu ba ƙashi! Ni! Yanzu in na shiga gida sai in ji jikokina na dariya bayan ɗaki. Jiya ƙaramar tac ce, Alhaji, gwada muna."

Audu ya danne dariyarsa da ƙyar. "To kai kad ɗauka?"

"Ina sahun gaba kusa da mai unguwa tun kahin liman shi hau mumbari. Tambaye shi."

Audu bai ma buƙaci tambaya ba. Ya riga ya kalli ƙafafun Alhaji, kumburarru, ko silifa da dabara suke shiga, balle takalmin fadama. Ko aike ya yi, ɗan aike ba zai tsaya shafa fiyano ba. Ya miƙe zai tafi, Alhaji ya riƙo gefen rigarsa, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"In ka gane shi, ka bari in ji sau guda. Ni kaɗai, ba da yara ba."

Washegari da sassafe ya nufi Aliero. A hanya ma zancen bai bar shi ba, domin a wurin shan mai wani ya tare shi ya ce ai malamar nan ce ta turo a sace, za ta sayar wa Turawa. A Jega duk abin da ya ɓata, baƙo ne ya ɓata shi.

Iklima ta riga ta ji abin da ake faɗa. Ya same ta a ofis, idonta ja, na'urar kwafin tana kan tebur a cikin kwalinta.

"Baba, wata huɗu ina lallashin dattijon nan. Saura kwana uku ya miƙo mini kaset ɗin da hannunsa, sai in aika a fasa masa ɗaki? Da haukata?"

"Ban ce ke ta ba, ɗiyata. Kunna mani abin in ji."

Ta kunna. Gangar inji ce ta fara, tana tafiya ba gajiya ba numfashi. Sai wani sauti siriri mai karkarwa ya hau kanta, sai muryar Barau ta ƙuruciya, ana ihu da tafi a bayanta. Audu mutum ne da bai damu da kiɗa ba, amma ya ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi, abin ya ba shi haushi. Ya ce ta sake. Ta sake har sau uku.

"Mi ab banbancinai da na yaran yanzu?"

Nan fuskarta ta sake. Ta ce a wancan lokaci kowa a ƙasar nan kwaikwayon fayafayan waje yake yi da fiyano, amma wannan ya ɗauko tafiyar kiɗan noma ya zuba a inji, shekaru kafin masu situdiyo su yi tunanin haka. "Sannan ka saurari na ƙasan, mai kauri. Hannun hagu ke nan. Duk makaɗin da na sani hannun hagunsa yawo yake yi. Wannan sauti uku kawai yake juyawa, yana tsallake na tsakiya, shi ya sa kiɗan yake ɗan ɗingishi, kuma ɗingishin ne daɗinsa. Na tambayi Baba Barau yadda ya ƙirƙiro shi, ya ce baiwa ce."

"Kin taɓa ganin ya aza hannu bisa fiyanon?"

"Na roƙe shi, ko don hoto. Ya ce sanyin ƙashi ya kama masa yatsu."

Audu ya miƙe, ya bar lemon da ta buɗe masa ko rabi bai sha ba. Barau yatsunsa goma cif, ya ƙirga su jiya lokacin da ya ɗora su a ka.

Ba sai an gaya wa ɗan yankin nan inda ake zuwa neman labarin hannun da ya nakasa ba. Aliero garin masu ɗori ne, duk wanda mota ko sa ko katanga ta karya daga nan har bakin iyaka, a nan ake kawo shi. Audu ya shiga gida uku bai dace ba. A na huɗu ya sami Malam Isa, tsoho tukuf, yana zaune a zaure yana fere karan ɗori.

"Hannun hagu, yatsa biyu babu, shekara arba'in da wani abu," in ji Audu.

"Waɗanne biyu?"

"Na tsakiya, ina zato."

Tsohon ya ajiye wuƙa. Ya ce ya ɗora hannaye sun fi dubu, amma akwai wanda ba ya mantawa, wani karen mota da ƙofar bodi ta datse wa hannu. Biyu sun tafi tun a hanya, uku ya ceto. "Abin da yas sa ban mance shi ba, bai bari munka huta ba. Hannu cikin kara, amma yatsun ga ukku na bugun tabarma dare da rana. In na hana, shi koma bugun kwanon abinci. Bature sunanai, mutumin Maiyama. Na ji an ce daga baya ya bi makaɗa, sannan ya tuba ya koma noma."

Ranar Lahadi Audu ya kama hanyar Maiyama. An kwana ana ruwa, sannan rana ta fito da ƙarfinta. Shinkafa ta fara nuna a fadama, tsuntsaye sun taso mata, manoma sun kakkafa sanduna sun ɗaura tsummoki da ledoji da zare mai ƙyalli don korarsu. Audu ya wuce su da gudu, hankalinsa yana gaba.

Ya sami Bature a ƙofar gidansa yana gyara ƙotar lauje. Baƙin dattijo ne mai faɗin kafaɗa, takalman roba suna jingine a bango, an wanke su tas. Da ya ga baƙo ya tura hannun hagu cikin aljihu. Audu ya ce wani bijimi yake nema da aka kora daga Fagada. Suka taɓa zancen shanu, suka taɓa na tsuntsaye. Bature ba ya kallon mutum in yana magana.

Audu ya so ya tambaye shi kai tsaye. Amma ya san irin waɗannan mutane, in ka matsa musu sai su jefa abu a murhu su ce ba su taɓa gani ba. Ya ga gara ya jawo shi da dabara. Ya hau babur, ya taka, sannan ya juyo kamar abin ya faɗo masa ne.

"Ka ji an sace kaset ɗin Barau na Jega? To malamar tac ce ba komi. Gobe da hantsi za ta ɗauke shi hoto mai motsi, shi gwada ma duniya yadda yaka kaɗa fiyano da hannunai. An ce har ƙasashen waje za a gani."

Bature ya sunkuyar da kai kan laujensa. Amma aljihun hagu ya motsa, sau uku, ya tsaya.

Dabarar ta yi kyau, kowa ya yaba daga baya. Sai dai ta ci kwana ɗaya, kuma wannan kwana ɗayan har yau yana cin Audu a rai.

Litinin da hantsi aka taru a zauren Barau. Mai unguwa yana kan kujera, Alhaji Waliyyu ya cika tabarma shi kaɗai, Iklima tana gefe da wayarta, Delu tana bayan ƙofar cikin gida. Audu ya fito da fiyanon da farantinsa a kife, ya ajiye a tsakiya. Ya kasa zama. Ya leƙa waje, ya dawo, ya sake leƙawa. Mai unguwa ya fara duba agogo. Can sai inuwa ta tare ƙofar zaure, aka yi sallama ciki-ciki. Barau ya ɗaga kai, ya ga mai sallamar, fuskarsa ta zube.

"Shigo, Malam Bature," in ji Audu. "Kallo za mu yi."

Ya ɗage farantin. "Malam Barau, bisimilla. Gwada muna yadda kaka yi."

"Ai ya mutu."

"Mun sani. Hannu ɗai muka son gani."

Barau ya matso. Ya miƙa yatsa ɗaya ya danna wani maɓalli, ya danna na kusa da shi, kamar mai zaɓen tumatir. Zufa ta karyo masa. Ya ƙara hannu na biyu, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Kai, tashi nan!"

Bature ne. Kafin kowa ya motsa ya tsallake ƙafafun Alhaji, ya ture Barau da kafaɗa, ya durƙusa gaban fiyanon. Ya zaro hannun hagu daga aljihu. Babban yatsa, manuni, da ƙaramin. Suka sauka a kan tabo ukun nan na cikin ƙura, kowanne a gurbinsa, ba ko kuskure. Hannun dama ya bi. Babu sauti sai ƙwas-ƙwas na busassun maɓallai, amma Iklima ta toshe baki da tafin hannu, don ta gane tafiyar. Alhaji Waliyyu kuwa, Allah ya shirye shi, kafaɗarsa ta fara juyawa.

Daga bayan ƙofa Delu ta ce, "Wallahi kazar ke nan."

Bature ya yi kamar minti ɗaya, sai hannun ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya kalli yatsunsa da noma ya ƙanƙare.

"Nan na tsaya ran Juma'a ma," in ji shi. "Sauran ya ɓace mani."

"Kai kad ɗauki kaset ke nan," in ji mai unguwa.

"Ni na. Abina na ɗauka." Ya juya kan Barau. "Shekara huɗu ina bayanka cikin duhu, kai kana gaba ana ma liƙi. Ban ce komi ba. Da anka ruhe wurin na bar ma fiyano, na bar ma kaset, nac ce na gama da wanga sha'ani. Ina cikin gona da rediyo rataye ga icce, sai in ji kiɗana, hannuna, ana cewa kiɗa da waƙar Barau. Ko ɗiyana ba su san na taɓa iya wani abu ba bayan lauje. Sunana ko a bakin kare babu!"

Barau bai musa ba. Ya ce ranar da malamar ta zo ta tambaye shi, Baba, kai ka kaɗa? Shekara arba'in ba wanda ya tambaye shi komai sai lafiyar ƙafa. Bakinsa ya ce e kafin zuciyarsa ta yi shawara, daga nan kuma ya kasa komawa. Kunya ta kama kowa a zauren, har waɗanda ba su yi komai ba.

"Amma sunanka na ciki, Bature," in ji Barau.

"Cikin mi?"

"Cikin kaset. Ƙarshen gehe na biyu, bayan kiɗa ya tsaya. Kai ka tashi ka hita shan iska, ni kau na kira sunanka, mutane na ta tahwa maka. Don shi na hana ta jin sauran. Kwana nawa ban barci ba ina tunanin yadda zan yi ran Talata."

 Audu ya ga yadda fuskar Bature ta canza, gabansa ya faɗi.

"Ina kaset ɗin yake?"

"Gona."

"Ka binne shi?"

"Na zare shi," in ji Bature a hankali. "Na ɗaure ma tsuntsaye. Nac ce tunda ba a san mai shi ba, su su ji."

Audu ya riga kowa fita. Ya ɗauki Iklima a babur, Alhaji ya zuba sauran a motarsa. Duk tsawon hanyar Maiyama Audu yana zagin kansa. Jiya ya wuce ta gefen gonar nan, ya ga ƙyallin da idonsa, shi da ke gane sawun akuya a kan dutse.

Gonar tana bakin fadama. Daga sanda zuwa sanda zaren kaset ne a miƙe, an yayyanka shi an ƙulla, yana walƙiya yana kaɗawa, iska tana sa shi wani ɗan kuka. Kwana uku yana nan, ruwan Asabar ya dake shi, rana ta gasa shi. Wani wurin ya miƙe ya zama siriri kamar gashi, wani wurin launin ruwan ƙasa na jikinsa ya goge, sai farar leda ana hango shinkafa ta cikinta.

 Suka shiga laka, mai unguwa ya naɗe riga, Alhaji da kumburarrun ƙafafunsa, kowa ya kama sanda yana kwance ƙulli. Iklima tana bi tana naɗe kowane yanki a jikin biro, tana roƙonsu kada su ja. Barau da Bature suka sami kansu a kan zare ɗaya, wannan daga can, wannan daga nan, suna naɗowa har suka haɗu a tsakiya, ba wanda ya kalli wani. Tsuntsaye suka ga an sauke tsaro, suka sauka a bayansu suna ci, Bature bai ko waiwaya ba.

"Gidan kaset ɗin fa?" in ji Iklima.

Bature ya laluba aljihun dama ya fito da shi. Bai iya yar da shi ba. Ta ɗaga shi a rana. A jikin ƙaramin gare ɗaya, cikin biyun da zare ke naɗuwa a kansu, akwai sauran zare, 'yan zagaye kaɗan da suka maƙale bai samu ya zaro ba.

Kwana biyu ta yi tana haɗa yankunan, tana gogewa, tana liƙawa. Ranar Alhamis da azahar ta aika a kira su ofishinta a Aliero. Mai unguwa ya ce maganar kwaɗo a bar ta, Barau ya yafe. Bature ya zo da wankakkiyar riga, ya zauna a gaban na'urar, hannayensa biyu a kan gwiwa, a fili. Audu yana tsaye a bakin ƙofa.

Ta kunna gefe na farko. Daƙiƙa arba'in ɗin nan da kowa ya sani suka fito, da ɗan ƙari kaɗan, sai sautin ya nutse. Shuuu, kamar ana zuba hatsi a buhu. Can gangar inji ta yi gurnani sau biyu ta mutu. Suka zauna rabin awa suna sauraron wannan shuuu, ba wanda ya ce a kashe. Ta juya gefe na biyu. Haka. Alhaji Waliyyu, wanda ya yi ta addu'ar kaset ɗin ya ɓace, yana share hawaye da hularsa.

Saura kaɗan zaren ya ƙare, wurin da ya kwana a cikin gidansa rana ba ta gan shi ba, sai ƙarar ta washe tar. Tafi, fito, ƙarar kwalabe. Sai muryar wani saurayi, tana haki, tana dariya.

"Jama'a, ba ni ba na! Ni baki ɗai gare ni! Mai kiɗan ga Bature na, Bature ɗan Maiyama, mai yatsa ukku! Ku tahwa mai!"

Aka tafa, aka yi ta tafawa. Na'urar ta yi ƙas, ta tsaya.

 Bature ya matso da kujerarsa, ya kai kunne kusa da lasifika.

"Mai da shi baya kaɗan, ɗiyata. Kahin nan. In ji abin da suka tahwa ma."

Iklima ta ɗora hannu a kan maɓallin, ba ta danna ba.

"Babu, Baba," in ji ta. "Sunan ne kawai ya rage."